Gaisuwar Babbar Sallah daga Nis

Assalamu alaikum Baba da Inna. Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana.

Mun sauko daga idi da safe, kowa ya kama hanyar aikinsa, don nan Faransa ba a ba da hutun Sallah. Yanka a gida ma doka ta hana, sai a mahauta. Tun ɗazu hankalina na ƙofar gidanmu a Damagaram, inda na san yanzu an kafe raguna a jikin itace an kewaye wuta da su, kitse na ɗiga, Kawu na korar yara. Kayan cikin nan da Inna ke soyawa kafin la'asar, a barbaɗa yaji, shi ne ya hana ni sukuni. Na sayi hanta na gwada, wallahi ko kusa.

Baba, kun ce in faɗa muku abin da nake karantawa da Hausar da za ku gane. Tsakanin duniyar Mas da Jupita akwai tarin duwatsu masu zagaya rana. Ba ma taɓa su, haskensu kawai muke rarrabewa mu gane abin da ke jikinsu, kamar yadda kuke duban rago ku san kiwonsa. Waɗanda nake karantawa ana ce musu ajin A, kuma a cikin ɗari ba a samun ko ɗaya. Jikinsu wani koren ma'adini ne, olibin.

Ku ɗauki ƙwai. Idan babban dutse ya narke, ƙarfe ya nutse tsakiya kamar gwaiduwa, olibin ya zauna a matsayin farin. In irin waɗannan sun farfashe, ai farin ya kamata ya fi yawa a warwatse. To ina ya tafi? Shi muke nema. Ɗaya daga cikin duwatsun ajin A, Nenetta mai lamba 289, a kan tudun nan na Mont Gros da nake aiki masanin taurari Auguste Charlois ya gano shi a 1890. Yau ma shi na wuni ina dubawa, sanye da shaddar da kuka aiko, Turawa na ta tambaya ko aure nake.

A gaishe da Kaka ƙwarai. A ce mata madubinmu na hangen taurari ba na duban jinjirin wata ba ne, amma addu'arta na iso ni, kuma carbin da ta ba ni yana aljihuna har yanzu. Gwaggo, Kawu da iyalinsa, Yaya da maigidanta, maƙwabta duka. Auta kuwa, na ji ta haddace izu biyar, na kasa rufe baki don murna. Goron Sallarta na hannun Yaya, kada kowa ya taɓa mata. A ɗauki muryarta tana karatu a turo mini yau da dare.

Inna, ki soya rabona ki ajiye a kitse, ko Allah zai sa a samu mai zuwa.

Ɗanku.