Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyar Maƙwabta: Zaurenmu na Waya da Yadda Aka Kula da Shi

Assalamu alaikum iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne, da dukan mambobin wannan ƙungiya.

Kamar yadda tsarin ƙungiya ya ɗora wa kwamitin gudanarwa, ga bayanin abin da muka yi a shekarar da ta ƙare. Za ku ga kaso mafi tsoka na rahoton ya tafi ne a kan zauren unguwa da muke da shi a WhatsApp. Haka shekarar ta zo mana. Babu aikin da ya ci lokacin kwamiti kamarsa, kuma babu wanda ya jawo mana godiya da ƙorafi a lokaci guda kamarsa.

Sauran ayyukan sun tafi yadda aka saba. An yi aikin tsaftace layuka da magudanan ruwa, an bi hukuma kan fitilun titi da suka mutu har aka gyara wasu, an ziyarci marasa lafiya da waɗanda aka yi wa rasuwa, an kuma sabunta rajistar mambobi. Bayanin kuɗin shiga da na fita yana hannun ma'aji, zai karanta shi dalla-dalla a babban taro.

Alherin da zauren ya kawo

Kafin mu shiga matsaloli, gaskiya ce a faɗi cewa zauren ya yi mana rana. Mafi yawan amfaninsa a ƙananan abubuwa yake, irin waɗanda ba a rubutawa a littafin taro. Wani ya tsinci makullai ya sa hotonsu, mai su ya zo ya karɓa. Wata tana neman mai gyaran famfo mai amana, maƙwabta suka faɗa mata wanda suka gwada. An ari tsani, an ari kujeru, an sanar da ɗaukewar ruwa tun kafin mutane su farga. Akwai kuma manya. Da aka nemi jini cikin gaggawa don wata mara lafiya, ta zauren aka samu masu bayarwa a daren. Da wani yaro ya ɓace wa iyayensa da yamma, sanarwar ta kai ko'ina cikin mintuna, kuma wata uwa a can ƙarshen unguwa ce ta gane shi ta riƙe shi har aka zo.

Abin da ya fi faranta wa kwamiti rai shi ne muryoyin da da can ba ma ji. Iyaye mata da hidimar gida ke hana su zuwa taro, ma'aikatan dare, da baƙin da suka tare kwanan nan ba su san kowa ba, duk sun samu inda za su yi magana a saurare su. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ya sa duk da abin da za ku karanta a ƙasa, kwamiti bai taɓa tunanin rufe zauren ba.

Inda abin ya yi zafi

A tsakiyar shekara wani mamba ya ɗauki hoton wani matashi da ke tsaye kusa da wata ƙofa, ya sa a zaure da gargaɗin cewa a yi hattara da shi. Kafin masu kula da zaure su gani, an riga an tura hoton zuwa wasu zaurukan da ba mu da iko da su, kuma a can gargaɗin ya rikiɗe ya zama shaidar cewa ɓarawo ne. Yaron nan kuwa saƙo aka aiko shi ya kawo, yana jiran a buɗe masa ne. Dattawan kwamiti sun je gidansu sun ba shi da iyayensa haƙuri, an kuma sa gyara a zaure. Amma magana zarar bunu ce. Gyaran bai kai inda hoton ya kai ba, kuma ba zai taɓa kaiwa ba.

Wanda ya sa hoton ba mugu ba ne, tsoro ne ya sa shi, kuma yana ganin taimako yake yi. A nan haɗarin yake. Da kwamiti ya zauna nazari, sai muka ga abin da ya same mu ya sha samun wasu, wani lokaci da sakamako mai muni ƙwarai. A ranar 1 ga Yuli 2018, a ƙauyen Rainpada na jihar Maharashtra a Indiya, taron jama'a ya kashe mutum biyar baƙi saboda jita-jitar masu satar yara da ta yaɗu a WhatsApp. Kashe-kashe irin wannan ne suka sa kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar kacal a lokaci guda, da farko a Indiya a 2018, sannan a duk duniya a Janairun 2019. A watan Mayun 2021, manhajar Citizen ta Amurka, mai sanar da mutane laifuka da haɗurran da ke faruwa kusa da su, ta watsa hoton wani mutum a Los Angeles, ta sa tukuicin dala 30,000 ga wanda ya taimaka aka kama shi bisa zargin tada gobarar daji. Daga baya ta tabbata ba shi ba ne, kamfanin ya amsa kuskurensa.

Darasin da ya fi yi mana amfani daga Nextdoor ya fito, manhajar da aka buɗe a Amurka a 2011 musamman don maƙwabta, wadda ke neman mutum ya shiga da sunansa na gaskiya kuma a tabbatar da inda yake zaune. A 2015 'yan jarida a birnin Oakland suka fallasa yadda wasu mazauna ke sanar da cewa sun ga mai alamar rashin gaskiya, alhali babu abin da mutumin ya yi sai dai baƙar fata ne. A 2016 kamfanin ya sake fasalin wurin rubuta rahoton laifi. Sai an fara tambayar mai rubutu abin da mutumin ya aikata, kuma idan zai ambaci launin fata, dole ya ƙara aƙalla wasu siffofi biyu, kamar tufafi ko takalmi. Kamfanin ya ce irin wannan zargin ya ragu da kashi 75 cikin ɗari a wuraren da aka gwada. Ku lura, ba korar mutane aka yi ba, ba kuma wa'azi aka yi musu ba. Jinkiri kawai aka sa tsakanin abin da ido ya gani da abin da yatsa zai aika. Muna da yaƙinin cewa wannan ɗan jinkirin shi ne mafi girman abin da za mu iya yi wa kanmu.

Gyaran da aka yi

Bisa wannan fahimta kwamiti ya raba zauren gida biyu, ta amfani da tsarin haɗa zauruka da WhatsApp ta fito da shi a Nuwamban 2022. Ɗaya na sanarwa ne, masu kula kaɗai ke rubutu a ciki. Ɗayan na hira ne da neman taimako, kowa na da baki.

Duk maganar da ta ƙunshi zargin wani mutum, ba a sa ta kai tsaye. Ana aika wa ɗaya daga cikin masu kula, shi kuma ya yi tambaya: me mutumin ya yi, da idonka ka gani ko faɗa maka aka yi, yaushe kuma a ina? Idan amsar ita ce ba a san fuskarsa ba ne kawai, maganar ta tsaya nan, domin baƙunci ba laifi ba ne. Hoton fuskar wanda ake zargi ba ya shiga zaure ko ta halin ƙaƙa. Idan kuwa haɗari ne na gaske, gobara ko fashi ko rauni, a fara kiran hukumar da abin ya shafa, sannan a sanar da maƙwabta.

Wasu sun ce wannan tsari zai sa labari ya makara. Ƙorafi ne mai tushe, kuma mun saurare shi. Amsarmu ita ce, sanarwar da ba ta ɗora wa kowa laifi ba, kamar ɓatan yaro ko fashewar bututu, tana nan tana fita nan take. Abin da ake tsayarwa kaɗai shi ne wanda zai iya zubar da mutuncin mutum. Akwai ma inda suka fi mu tsanani. A jihar Vermont ta Amurka akwai dandalin maƙwabta mai suna Front Porch Forum da aka kafa a 2006, wanda ma'aikata ke duba kowane rubutu kafin ya fita, kuma a tattare ake aika wa mutane saƙonnin maimakon ɗaya bayan ɗaya. Mu ba mu da ma'aikata, amma mun ɗauki abin da za mu iya ɗauka.

An kuma hana turo saƙonnin da ba su shafi unguwa ba, musamman dogayen saƙonnin murya da ba a san mai maganar ba. Wannan dokar ta samu karɓuwa ba tare da gardama ba.

Su wa ke kula da masu kula?

Wannan ne ɓangaren da ya fi wahala, kuma kwamiti na roƙon mambobi su karanta shi da kyau. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke ta yadda kamfanin kansa ba ya karanta abin da muke rubutawa. Hakan kariya ce ga sirrinmu, amma kuma yana nufin babu wani a can nesa da zai tace mana magana. Nauyin duka yana kan 'yan'uwanmu da suka sa kai, ba albashi, ba lokacin tashi daga aiki. Suna da iyali da sana'a. Ana buga musu waya cikin dare, wasu ma an daina gaishe su saboda sun goge saƙo. Muna miƙa musu godiya ta musamman, Allah ya saka musu da alheri.

Sai dai mai kula da zaure maƙwabci ne, yana da abokai, yana da waɗanda ba sa ga maciji da juna, kuma an ba shi ikon rufe bakin wani. A bana an kawo ƙarar cewa ana sassauta wa wasu ana tsananta wa wasu. Mun bincika, kuma mun ga a wasu lokuta dokar ce ba a rubuta ta a fili ba, sai kowane mai kula ya yi hukunci da fahimtarsa. Ita ma Nextdoor ta faɗa cikin irin wannan a watan Yunin 2020, lokacin da masu kula 'yan sa-kai suka riƙa goge rubutun da ke goyon bayan zanga-zangar kare haƙƙin baƙar fata, har sai da shugabar kamfanin ta lokacin, Sarah Friar, ta fito ta amsa cewa laifin kamfanin ne. Idan babban kamfani bai tsira daga wannan ba, mu ma kada mu ɗauka kyakkyawar niyya kaɗai za ta isar mana.

Don haka aka rubuta dokokin zaure a taƙaice aka liƙa su inda kowa zai gani. Wanda aka goge wa saƙo za a faɗa masa dalili a keɓe, da ladabi, ba a gaban jama'a ba. Mai kula ba zai yanke hukunci a kan maganar da ta shafe shi ko iyalinsa ba. Ba a cire mamba sai an yi masa gargaɗi, kuma yana da damar kai kukansa ga wasu dattawa da ba sa cikin masu kula. Sannan riƙon ya zama na wa'adin shekara ɗaya, da zaɓe a babban taro. Muna kira da babbar murya ga iyayenmu mata, matasa da 'yan haya su tsaya takara. Idan masu kula duka daga sashe ɗaya na unguwa suka fito, abin da suke ɗauka daidai shi zai zama doka ko da ba su yi nufin haka ba.

Sirri, da waɗanda ba sa ciki

A zauren hira kowa na iya ganin lambar wayar kowa. 'Yan'uwanmu mata sun kawo ƙarar cewa wasu na ɗaukar lambobinsu suna aika musu saƙon da ba su nema ba. Kwamiti ya ɗauki wannan a matsayin babban laifi da ke kai ga cirewa. An kuma tsabtace jerin mambobi, aka sallami waɗanda suka tashi daga unguwa, kuma yanzu ba a shiga ta hanyar mahaɗin da ake turawa, sai wani sanannen mamba ya tsaya wa mutum. Muna tunatar da kowa kada ya sanar a zaure cewa ya yi tafiya gida ba kowa. Masu kyamarar tsaro kuma su sani cewa kyamarar ba ɓarawo kaɗai take ɗauka ba, har da 'ya'yan maƙwabta da shige da ficen kowa, don haka dokar hoto ta hau kan bidiyon ma.

Akwai shawarar da aka kawo cewa mu koma wata manhaja da aka gina musamman don maƙwabta. Kwamiti bai goyi baya ba a yanzu. Nextdoor a ƙasashe ƙalilan take aiki. Facebook ta gwada nata tsarin mai suna Neighborhoods, ta kuma rufe shi a Oktoban 2022, waɗanda suka dogara da shi suka koma neman wani wurin. Ƙari ga haka, manhajar da talla ke ciyar da ita tana cin riba ne da tsawon lokacin da mutum ya ɓata a kanta, kuma kowa ya san labarin tsoro ya fi labarin tsintar makulli riƙe ido. Shi ya sa muka ajiye rajistar mambobi da dokokinmu a takarda, a hannun sakatare, ba a cikin wayar wani kamfani kaɗai ba.

Kada kuma mu manta cewa zauren ba shi ne unguwa ba. Akwai tsofaffi da ba sa riƙe babbar waya, akwai waɗanda ba sa karatu, akwai masu aiki a gidaje da ake magana a kansu ba su da bakin kare kansu. Saboda su aka tsayar cewa babu shawarar ƙungiya da za a zartar a waya. A tattauna a can idan ana so, amma yanke hukunci sai a taro, ido da ido, kuma wakilan layuka za su ci gaba da kai muhimman sanarwa ƙofa-ƙofa.

Abubuwa biyu kwamiti bai cimma matsaya a kansu ba, ya bar wa babban taro. Na farko tallar kayan sayarwa: wasu na so a ware mata rana ɗaya a mako, wasu na so a buɗe mata zaure na daban. Na biyu maganar siyasa, inda ake neman a bambanta tsakanin bin hukuma kan haƙƙin unguwa, wanda aikinmu ne, da tallata ɗan takara, wanda ya sha raba kan maƙwabta. Duk mai shawara a kan waɗannan, ko mai son tsayawa takarar kula da zaure, ya miƙa sunansa ga sakatare ko wakilin layinsa kafin ranar taro.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa