Tumatirin da ya fito ba irin wanda aka shuka ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka saboda wata tambaya da ke dawowa duk rani a wajen masu ɗan lambu a bayan gida, tun daga Kura, Bunkure da Garun Malam har zuwa Haɗejia. Mutum ya matse irin dogon tumatir mai tsoka, ya yi reno, ya dasa, sai ga wani gindi ya ba shi ƙanana kamar 'ya'yan kanya, wani kuma ya ba shi mai tsaga-tsaga mai ruwa. Sai a ce mai sayar da iri ya yi ha'inci, ko a shiga neman sunan wannan sabon iri. Sau da yawa babu ha'inci, kuma tsiron ba shi da wani suna.

Babban dalili shi ne irin haɗin aure, wanda ake rubuta F1 a jikin fakitinsa, kamar Platinum, Padma ko Cobra. Kamfani ne ke haɗa uwa da uba daban-daban, shukar farko ta fito bai ɗaya. Amma idan aka matse iri daga 'ya'yanta aka sake shukawa, halayen kakanni sai su warwatse: wannan ya ɗauko tsawon uba, wancan ya ɗauko siffar uwa. Tumatirin da uwargida ta sayo a kasuwa ta ware irinsa, ba ta da hanyar sanin ko F1 ne. Irin su Roma VF, Rio Grande da UC82B, wanda manoma ke kira UTC, su ne ke maimaita kansu, domin furen tumatir yawanci da kansa yake yin barbara. Ƙwari kan kai garin fure daga wani gindi zuwa wani, amma kaɗan ne.

Sai gyauro. Irin tumatir yana da taurin rai. Yakan tsira a juji, a ruwan wanke-wanke, har a takin da bai ruɓe sosai ba. Wanda ya zuba takin bola a gadon reno ya shuka iri biyu bai sani ba. Alamarsa ita ce tsiron ya fito a wajen layi, ko ya riga 'yan'uwansa fitowa.

Mai son gane abin da ke lambunsa kada ya fara da ɗan tumatirin, ya fara da karan. A ƙirga ganyen da ke tsakanin tarin fure ɗaya da na gaba a jikin babban kara. Idan ganye ɗaya ne ko biyu, kuma kan karan ya ƙare da fure ya daina tsawo, to gajeren iri ne, dangin Roma da UTC, mai nuna kusan lokaci guda. Idan ganye uku ne kowane lokaci, kuma karan yana ta miƙewa, to mai yaɗo ne, yana buƙatar sanda da igiya, zai kuma yi ta ba da 'ya'ya kaɗan-kaɗan na tsawon watanni. Idan aka haɗa gajere da mai yaɗo, mai yaɗo ke rinjaye, kuma a jikokinsu kusan uku cikin huɗu masu yaɗo ne. Shi ya sa a layi guda za ka ga wasu sun tsaya iya gwiwa wasu sun haura kafaɗa.

Daga nan a ɗauki nunanne guda uku daga gindi ɗaya, ba na farkon fure ba, domin na farko yakan zo da muni ko a iri mai kyau. A yanka su a tsakiya ta kwance, a ƙirga ɗakunan da iri ke ciki. Roma dogo ne mai kama da ƙwai, ɗakunansa biyu ko uku, bangonsa mai kauri, ruwansa kaɗan. Shi ne mai kyau wajen kauɗa. UTC ya fi shi gajarta da faɗin kafaɗa, da tauri a hannu, abin da ya sa yake jure kwando da doguwar tafiya. Mai tsaga-tsaga, mai ɗakuna biyar zuwa sama, da laushin fata da tsami, ya fi kusa da tumatirinmu na gargajiya. Iyakar abin da ido zai faɗa ke nan: dangi. Duk wanda ya kalli ɗa guda ya yanke maka suna, cinta kawai ya yi.

Akwai kuma abin da ba canjin iri ba ne sam. Gindin da ya tsumbure, ganyensa ya nannaɗe ya yi rawaya a gefe, cutar da farin ƙuda ke yaɗawa ce ta kama shi, gara a tuge shi a binne. Baƙin tabo a ƙasan ɗan tumatir yana zuwa ne daga ban ruwa na yau-akwai-gobe-babu, kuma dogayen iri sun fi kamuwa da shi. Zafin Afrilu kuwa yana zubar da fure, wanda ya tsira ya fito ƙanana.

Idan baƙon gindin ya yi daɗi ana son riƙe shi, a ɗaure masa ƙyalle a kara don kada ya ɓace. A rufe tarin fure ɗaya da siririn yadi tun kafin ya buɗe, a riƙa girgiza shi da hantsi, a cire yadin idan 'ya'ya sun ɗaura. Idan sun nuna sarai, a matse irin da ruwansa a kofi, a bar shi kwana biyu zuwa uku har ya yi kumfa, a wanke, a zubar da wanda ya taso sama, a shanya na ƙasa a inuwa, ba a kan kwanon rufi ba. A rubuta kwanan wata da siffarsa a takarda a saka a kwalbar. Baɗi a dasa gindi 20 daga wannan iri. Idan sun fito iri ɗaya, ya zauna. Idan sun rarrabu, a zaɓi mafi kyau a maimaita. Yakan ɗauki shuka biyar ko shida kafin ya daidaita.

Ina kira ga malaman gona na KNARDA da JARDA, hukumomin bunƙasa aikin gona na jihohin Kano da Jigawa, su riƙa bayyana ma'anar F1 ga mata masu lambun gida, kuma mai sayen iri ya ajiye fakitinsa har girbi, domin da shi ne kaɗai zai iya komawa wurin mai shago idan an sami matsala.

Wassalam.

Mai karatunka,
daga Garun Malam, Jihar Kano