Wasiƙar Shugaban Makaranta: Littafin Mazan Jiya da Ziyarar Gidan Makama

Zuwa ga iyaye da masu riƙon yara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalai. Yaya sanyi? Allah ya ba mu wucewarsa lafiya.

Ba zan yi kwana-kwana ba. Mako uku ke nan da muka ba kowane ɗalibi takarda ya kai gida, a rubuta sunan duk wani kaka, baffa ko kawu da ya tafi yaƙi bai dawo ba, da inda ya tafi, da abin da aka sani game da shi. Har yau abin da ya dawo bai kai kwata ba. Wasu takardun ma na gan su da idona a bakin ƙofar makaranta an ƙunsa gyaɗa a ciki. Wannan ba laifin yara ba ne kaɗai. Ranar 15 ga Janairu ta ƙarato, ranar da ƙasa ke tunawa da 'yan mazan jiya domin a irinta ne aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970, kuma a ranar muke so mu buɗe littafin sunayen a gabanku.

Na san abin da wasunku ke cewa: "Malam, mu gidanmu ba soja." Kun tambaya? Wata yarinya 'yar aji biyar haka mahaifinta ya ce mata, sai ta wuce ɗakin kakarta. Tsohuwa ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta kwance wani ƙullin tsumma, sai ga lambar yabo mai siffar tauraro, zarenta duk ya koɗe, da ɗan littafin sallama daga soja wanda gara ta ci gefensa. Na mahaifin tsohuwar ne. Shi ya dawo daga Bama, wato ƙasar Burma da ake kira Myanmar yanzu, ƙanensa da suka tafi tare bai dawo ba, kuma a gidan babu mai ambaton sunansa sai ita. Yanzu sunan yana shafin farko na littafinmu. Da an ƙara 'yan shekaru, wa za a tambaya?

Ga waɗanda suka manta, ko ba su taɓa ji ba: a yaƙin duniya na biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, Turawan Ingila sun ɗebi samari daga ƙasar nan suka haɗa su cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka zuba su a jirgin ruwa sai Indiya, daga can sai dazukan Bama. Daga 1943 zuwa 1945 sun gwabza da sojan Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan, cikin ruwan sama da zazzaɓi, da kaya a ka domin mota ba ta shiga. Da Hausa ake magana a cikin yawancinsu. Barikin Bukavu da muke wucewa kullum kuwa, sunan wani gari ne a Kwango inda sojojinmu suka yi aikin Majalisar Ɗinkin Duniya bayan 1960. Na tambayi 'yan babban aji, ko mutum ɗaya bai sani ba. Kunya ta kama ni, don laifin har da namu.

Wani uba ya tare ni bayan sallar Juma'a yana tambaya ko za mu haɗa waɗanda suka yaƙi Bature da waɗanda suka yi wa Bature yaƙi a littafi ɗaya. Alhaji, amsar ita ce e. Wanda kakansa ya faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903 da Turawa suka fasa birnin nan na Kano, ko a Kwatarkwashi tare da Waziri Ahmadu, ko a Burmi bayan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kawo sunan. Wanda nasa ya kwanta a Bama, ko a yaƙin basasa, ko a fagen daga na Borno a 'yan shekarun nan, shi ma ya kawo. Dukkansu daga lungunan nan aka yi musu rakiya.

Sai batun ziyara, ranar Asabar ta sama. Za mu fara da Gidan Makama, ginin da ake dangantawa da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ina so yara su ɗaga kai su kalli azara da bakan gizon da ke riƙe da rufin, su ji yadda ɗakin ƙasa ke da ɗumi da hunturu ba tare da na'ura ba, su tsaya gaban tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni. Daga nan sai Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Mu da muke cin abinci da alli, ai ya kamata mu san inda aka faro. Idan kuma akwai mai tsohon gida na gado da bai riga ya rushe soron ya zuba bulo da shaguna ba, don Allah ya ba mu izini mu ɗauki hoto. Biyu daga cikin waɗanda muka sa wa ido bara yanzu babu su.

Dole in yaba wa malamin tarihi, wanda ya yi Asabar uku yana zagaya zauruka da littafinsa da kuɗin motarsa, ba wanda ya sa shi. Allah ya saka masa. Malamar aji biyar ma ajinta ne kaɗai ya dawo da takardu cif. Sauran malamai sun ji.

A tuna: ba takardar izini mai sa hannu, ba shiga mota, ko da uba ya bugo waya. Abin da ya faru bara ba zai sake faruwa ba. Kada a ba yaro lambar yabo ko hoto na asali ya zo da shi a jaka. Babba ya kawo ofis, mu ɗauka a waya, ya koma da abinsa.

Ƙofa na rufewa ƙarfe takwas saura kwata, sanyi ba hujja ba ne. Rigar sanyi ta zama launin makaranta. Masu ragowar kuɗin zango sun san kansu. Takardun sunaye kuma ina jiran su a teburina kafin Alhamis; wanda tasa ta ɓace ya aiko a karɓi wata.

Wassalam,
Shugaban Makaranta