Zuwa ga aminiyata, a kan horon nan da aka ɗora miki

Assalamu alaikum, Malama.

I, Malama na ce, tunda yanzu an danƙa miki allo da alli. Labarin ya riga saƙonki isowa, kin dai san mutumin naki, magana ba ta kwana a cikinsa. Wata bakwai ba ki neme ni ba, ni ma ban neme ki ba, to a bar tone-tone, an yi kunnen doki. Allah ya sanya alheri, ya taya ki riƙo. Ya maigida, ya yara? Autarki ta daina cizon mutane kuwa?

Na karanta jadawalin da kika turo har sau biyu, kuma ba zan ɓoye miki ba, ya hana ni sukuni. Kwana uku aka ba ki ki horar da nas-nas kula da masu ciwon suga, kin cinye rana ta farko kacokan a kan tarihi da rabe-raben ciwon, har da Banting da Best da yadda suka fitar da insulin a Toronto a 1921. Labari ne mai daɗi, ban ce a'a ba, ki ba shi minti biyar ki wuce. Amma faɗuwar suga kin tura ta can awa ta ƙarshe a rana ta uku, lokacin da kowa ya rataya jaka yana duban ƙofa. Haba ƙawata. Sugan da ya hau yakan ɗauki awanni ko kwanaki kafin ya kayar da mutum, wanda ya faɗi kuwa cikin 'yan mintoci yake taɓa ƙwaƙwalwa, kuma da tsakar dare nas ce kaɗai a tsaye a kan marar lafiya. Ki juya jadawalin nan, ki fara da shi.

Lambar sugan jini da za su haddace kamar sunansu ita ce 3.9 mmol/L, wato 70 mg/dL. Ƙasa da haka suga ya faɗi, ko mutum yana dariya. Ƙasa da 3.0 kuwa abu ya yi tsanani. Idan yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, a ba shi giram 15 zuwa 20 na suga mai saurin shiga jini: ƙaramin cokali 3 zuwa 4 a jiƙa a ruwa, ko ruwan 'ya'yan itace mililita 150 zuwa 200. A jira minti 15, a sake gwadawa. In bai haura ba a maimaita, in an yi sau uku shiru a kira likita a koma jijiya. In ya haura, a bi shi da abinci mai riƙe ciki, in ba haka ba zai sake zamewa. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, sai ya shaƙe ya tafi huhu. A kwantar da shi ta gefe, a saka masa gulukos kashi 10 cikin ɗari, mililita 150 zuwa 200 ta jijiya cikin kamar minti 15. Na san har yanzu akwai masu son mai kashi 50 ɗin nan saboda saurinsa, amma kaurinsa yana ƙona jijiya, in ya tsiyaya ƙarƙashin fata ya bar gyambo. In jijiya ta ƙi samuwa, gulukagon, allurar da ke ɗaga suga, miligiram 1 a tsoka, sai dai ki gaya musu ba ya aiki sosai ga wanda ya daɗe bai ci abinci ba ko mai ciwon hanta, domin daga ajiyar hanta yake fito da sugan.

Abin da nake so ki daɗe a kansa shi ne siffofin da faɗuwar suga ke ɓuya a ciki. Gumi da rawar jiki da bugun zuciya kowa ya san su. Amma tsoho yakan zo ne da ruɗewa kawai, ko masifa ba dalili, ko baki ya karkace hannu ya mutu kamar shanyewar ɓarin jiki. Wanda ya shekara ashirin da ciwon wani lokaci ba ya jin gargaɗin komai sai dai a ga ya zube. Mai shan maganin hawan jini irin atenolol ko propranolol kuma maganin yana danne bugun zuciya da rawar jikin. Don haka doka ɗaya: duk mai ciwon suga da halinsa ya canja, a huda yatsa kafin a yi wata magana. Sannan ki tsaya a kan glibenclamide, ƙwayar nan ta sauke suga. Wanda ya faɗi saboda shi, musamman tsoho mai raunin ƙoda, ba a sallamarsa don ya farfaɗo ya nemi takalminsa. Maganin yana nan a jiki, zai iya sake kayar da shi cikin awa 24 ko fiye, sai an riƙe shi ana gwaji a kai a kai.

Af, kafin in manta, Hajiya Babba ta ajiye aiki, kin ji? Wai har ranar ƙarshe tana bin gadaje da jan biron nan nata tana zagaye rubutun mutane. Mun yi ta yi mata dariya a da, amma a kan abu ɗaya tana da gaskiya, kuma ki sa shi a darasinki: kada a taɓa gajarta kalmar yunit da harafin U a takardar magani. Rubutun gaggawa yana mayar da U sifili, 10 ta koma 100.

Wannan ya kawo ni kan sirinji, inda nake ganin za ki fi ceton rai. Insulin yana zuwa da ƙarfi daban-daban, mai yunit 100 a kowace mililita (U-100) da mai yunit 40 (U-40), kuma kowanne da sirinjinsa. Ki ɗora su duka a tebur ki sa kowace ta yi lissafin da hannunta. Layin 20 a sirinjin U-40 rabin mililita ne. In aka zuƙo insulin U-100 zuwa wannan layin, yunit 50 aka zuƙo, ninki biyu da rabi ke nan na abin da likita ya rubuta. In aka juya, aka zuƙo U-40 a sirinjin U-100 zuwa 20, yunit 8 kawai mutum ya samu, sai a yi ta mamakin sugansa ya ƙi sauka ana zarginsa da satar cin zaƙi. Sirinjin allura na yau da kullum kuwa bai da hurumi a nan ko kaɗan.

Sauran hannu ne, kuma hannu ba ya koyo daga majigi. Insulin mai gajimare, irin NPH da gauraye, a murza shi tsakanin tafuka sau 10, a kifa a ɗaga sau 10 har ya zama fari bai ɗaya, ba a girgiza shi kamar maganin tari. In za a haɗa biyu a sirinji ɗaya, garai ɗin ake fara zuƙa kafin mai gajimare. Mai amfani da biron insulin ya fara fesar da yunit 2 sama ya ga ɗigo a bakin allura, bayan ya danna kuma ya ƙirga 10 kafin ya zare, in ba haka ba wani kaso yana biyo allurar waje. Allura mai milimita 4 ta ishi kowa, har mai ƙiba. Wanda ba a buɗe ba yana zama a firji tsakanin digiri 2 da 8, nesa da wurin ƙanƙara, domin wanda ya daskare ya mutu ko da ya narke. Wanda aka buɗe a rubuta kwanan wata a jikinsa, yawancinsu kwana 28 ne a inuwa ƙasa da digiri 30. Insulin garai na gargajiya kuma minti 30 kafin abinci ake yinsa, saboda haka nas ta tabbatar abincin yana nan. A yi allura sannan a ce abinci ya makara, ko a tura mutum hoto da yunwa, ta nan ake yawan samun faɗuwar suga a ɗakin kwanciyar marasa lafiya.

Ki koya musu shafa ciki da cinya da tafin hannu, ido kaɗai ba ya gani. Inda aka yi ta soka wuri ɗaya kitse yakan taru ya yi tudu mai taushi. Marar lafiya yana son wurin saboda ba zafi, insulin kuwa daga nan yau ya shiga gobe ya ƙi. A matsa faɗin yatsa ɗaya daga inda aka yi jiya. Ga tarkon: ranar da ya bar tudun ya koma lafiyayyar fata, adadin da ya saba zai yi masa yawa, sai an rage an kuma sa ido.

Na'urar gwaji ma ki ba ta awa guda cur, kada ki ce ai kowa ya iya. A wanke hannu da ruwa a busar, yatsan da ya taɓa zaƙi yana ɗaga lamba. A huda gefen yatsa, kada a matse shi kamar ana tatsa. A duba ranar lalacewar tsinken gwaji, a rufe kwalbarsa nan take saboda danshi. Sai babban abin, ki kawo na'ura biyu, mai mmol/L da mai mg/dL, tsakaninsu ninki 18 ne. Nas da ta saba da ta farko in ta ga 45 a ta biyu za ta ɗauka suga ya kai sama ta ruga neman insulin, alhali 2.5 ne, mutum yana bakin suma. Wanda ƙarfin bugun jininsa ya yi ƙasa sosai, yatsu sun yi sanyi, gwajin yatsa ba abin dogaro ba ne, a ɗiba daga jijiya.

Ina jin ki daga nan kina cewa wasiƙa na ce ki rubuto ko littafi. Ki yi haƙuri, ke kika tsokano.

Hawan suga mai tsami a jini ba sai kin mayar da su likitoci ba. Su gane shi dai: amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, fitsari ya nuna kiton, wato tsamin da ke taruwa in jiki ya koma ƙona kitse, 2+ ko fiye. Ruwan gishiri kashi 0.9 ne farko, ga babba kamar lita ɗaya a awar farko, sannan insulin, kuma a san matsayin sinadarin fotasiyam a jini domin insulin yana tura shi cikin ƙwayoyin jiki, in dama ya yi ƙasa zuciya ce za ta tsaya. Yaro ba a yi masa ruwa da ma'aunin babba, in ya fara ciwon kai ko barci ya yi masa nauyi ana cikin magani a kira likita a guje. Kuma da yawa cikin masu zuwa a haka sun daina allura ne don zazzaɓi ya hana su cin abinci. Mai ciwon suga nau'i na ɗaya, wanda jikinsa ba ya yin insulin, ba ya ajiye allura don rashin lafiya, a lokacin ma jiki ya fi bukatarta. Ƙwayar maganin suga ta metformin ce ake dakatarwa in ana amai da gudawa.

Ƙafa kuwa, ban ga ta a jadawalinki ba sam, na duba har bayan takardar. A cire takalmi da safa, duka biyun, a buɗa tsakanin yatsu, a duba dunduniya, a taɓa bugun jijiya a saman ƙafa da bayan idon sawu na ciki. Zaren gwaji mai giram 10 a dafa shi har ya lanƙwasa, daƙiƙa 2, a ƙarƙashin babban yatsa da tushen yatsa na farko da na biyar, mutum ya rufe ido, kuma ba a kan kanta ba, wato inda fata ta yi tauri. In babu zaren, akwai gwajin da aka fito da shi a asibitin Ipswich a Ingila: a taɓa kan yatsa na 1 da na 3 da na 5 a kowace ƙafa da ɗan yatsa, a hankali, ba dannawa. In bai ji biyu ko fiye cikin shida ba, jijiyoyin ji sun taɓu. Irin wannan ba ya yawo ba takalmi, yana lalube cikin takalmi kafin ya sa, yana gwada ruwan wanka da gwiwar hannu, ba ya gasa ƙafa, ba ya yanke kanta da reza. Gyambo komai ƙanƙantarsa a tura shi a ranar. Ƙafar da ta kumbura ta yi ja da zafi, ba rauni kuma ba ciwo sosai, a hana takawa a nemi hoto, ƙasusuwa ne ke iya rugujewa a ciki.

Kada ki ba kowa takardar shaida don ta zauna kwana uku. Ki raba su shida-shida a tebur, kwalaben ruwan gishiri da soso a madadin fata, kowace ta zuƙo, ta soka, ta gwada ƙafar 'yar'uwarta kina kallo. Haka su ma za su yi wa marasa lafiya: maimakon "ka gane?", wadda amsarta kullum i ce, su ce "nuna mini yadda za ka yi in ka koma gida". Kuma ki ja musu kunne a kan faɗa. Wanda aka yi wa tsawa don sugansa ya kai 18, wata mai zuwa lambobin ƙarya zai rubuto, ko ya ƙi dawowa. Bayan wata uku ki bi su inda suke aiki ki gani da idonki, in an bar ki. Ki roƙi wannan tun yanzu da ake marmarinki.

Ƙaramar nan tamu da kike cewa ba za ta iya ba ta ci jarrabawarta, har tana tambayar lambarki, ban ba ta ba sai kin ce. Yaya kuma jiki ya yi sauƙi, ya fara fita, yana cewa kin ci masa bashin ziyara.

Akwai abin da kika tambaye ni a ƙarshen saƙonki, na san akwai, amma wayar tana caji a ɗaki kuma in na tashi ba zan dawo kan takardar nan ba. Ki sake turowa. Ki haɗo da sabon jadawalin in gani, da hoton autar. Ki gaida maigida, ki ce masa har yanzu ina jiran abin nan.

Taki,
ƙawarki ta kullum