Wasiƙar Babbar Sallah zuwa ga Baba

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi muku barka da Sallah, ku da Inna da dukkan mutanen gida, tare da addu'ar Allah ya karɓi layyarku, ya maimaita mana. Mu a nan Manchesta a wani zauren haya muka yi idi, ana yayyafi, amma hankalina yana filin Ƙofar Doka, inda na san kun tafi tun da hantsi da darduma a kafaɗa.

Auta ya shaida mini cewa da ya kawo muku maganar jarrabawar da yake son rubutawa, kun tambaye shi wace takarda kuma ta rage wa wanda ya gama digirin kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello. Tambayarku tana kan hanya, kuma tun da ni na zuga shi, ni ya kamata in amsa.

Aikin da nake ci da shi a nan shi ne gwajin manhaja, wato kafin kamfani ya saki manhajar banki ko ta asibiti ga jama'a, mu ne muke bin ta lungu-lungu muna neman inda za ta ba da kunya, kamar yadda kuke buɗe bakin rago ku duba haƙoransa kafin ku yi tayi. Akwai wata hukuma mai suna ISTQB, wadda aka kafa a Edinbara a shekarar 2002, ita ce ta tsara takardar shaidar da masu wannan sana'a suka fi sani a ƙasashe da dama, kuma jarrabawarta ce Auta yake son rubutawa. A matakin farko tambayoyi 40 ne cikin awa ɗaya, sai mutum ya ci 26 kafin a ce ya haye. Kundin karatun kyauta ne a intanet, kuɗin zaman jarrabawar kawai ake biya, kuma takardar wannan mataki ba ta tsufa balle a ce sai an sabunta ta.

Lokacin da na iso ƙasar nan na yi watanni ina aika takardun neman aiki, shiru kake ji, domin masu tacewar ba su san jami'armu ta Samaru ba, ba su kuma da ma'aunin da za su auna digirinmu. Da na ƙara waɗannan haruffa biyar na ISTQB a ƙarƙashin sunana, sai aka fara kira na.

Sai dai ba zan ɓoye muku ba, ranar ganawar babu wanda ya nemi ganin takardar. Wata mata ce ta juyo mini da kwamfutarta, ta nuna mini fom mai karɓar shekaru daga 18 zuwa 65, ta ce in nemo aibinsa. Na gwada 17 da 18, na gwada 65 da 66, domin karatun ya koya mini cewa kuskure a bakin iyaka yake laɓewa. Daga nan na koma gurbin suna na rubuta kalma mai ɗ da ƙ irin namu, sai ga alamomin tambaya sun fito a madadin haruffan, matar ta ɗauki biro ta rubuta. Wannan dabara ta ƙarshe daga makarantar firamaren da kuka kai ni a Tudun Wada na taho da ita.

Saboda haka nake roƙonku ku ba Auta izini, da sharaɗin kada ya tsaya ga haddar amsoshi. Ya riƙa ɗaukar manhajojin da ke cikin wayarsa yana gwadawa, yana rubuta kowane kuskure dalla-dalla, yadda wani zai bi matakan ya ga abin da ya gani. Na tura kuɗin jarrabawar ta hannun Yaya, daban da goron Sallarku da na Inna, don kada a haɗa su a kai kasuwar Sabon Gari. A ce wa Auta ina jiran hotunan Hawan Daushe.

Ɗanku mai biyayya.