A riƙa nuna wa ɗalibai makin tes kafin jarrabawa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini in yi magana kan yadda ake ba ɗaliban jami'a maki, domin mu iyaye a nan Katsina sakamakon ƙarshe kawai muke gani.

A yawancin jami'o'inmu makin kowane kwas 100 ne. Ana ware 30 ko 40 don tes da aikin gida na cikin zango, sauran kuma na babbar jarrabawa. Daga 70 zuwa sama A ce, darajarta 5. Daga 60 zuwa 69 B ce, darajarta 4, haka ake gangarowa har F. Sai a ninka darajar da yunit ɗin kwas, wato nauyin da aka ba shi. Kwas mai yunit 3, A tana kawo 15, B tana kawo 12. Ke nan wanda ya tsaya a 69 ya yi asarar 3 saboda maki ɗaya tak. Ga shi kuma digiri mai daraja ta ɗaya daga CGPA 4.50 yake farawa, CGPA kuwa shi ne matsakaicin darajar duk kwasa-kwasan da ɗalibi ya yi.

To, lissafi mai tsauri haka, ya kamata a ɓoye wa mai shi? Malamai da yawa ba sa maido takardun tes. Ɗiyata ta buɗe sakamakonta a waya ta tarar da F a kwas ɗin da ta fi ganewa. Da ta je ofishin jami'in jarrabawa, sai ga gurbin makin tes ɗinta fayau, ba a shigar da komai ba. Takardar da suka sa hannu ranar tes ce ta fid da ita, bayan an sha zirga-zirga. Wasu haka suke haƙura su ɗauki kari-oba, wato su maimaita kwas ɗin, wani ma ya ƙara shekara, abokansa sun tafi bautar ƙasa.

Na san malami ɗaya kan duba ɗaruruwan takardu, kuma na yaba wa masu yi tsakani da Allah. Yawan aikin ne ma ya sa kuskure ba ya da wuya.

Ina kira ga majalisun jami'o'i da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, su tilasta a manna makin tes a allon sashe kafin a shiga jarrabawa, a maido wa ɗalibi takardarsa, wanda kuma ya nemi a sake duba masa a ba wani malamin daban ya duba, ba tare da an sa masa ido ba.

Wassalam.

Wani uba,
Ƙofar Marusa, Katsina.