Amsa ga Malamin da ya ce Disamba kakar fastoci ce

Malam, gaisuwa mai yawa. Ya iyali, ya sanyi?

A shirin rediyon da aka gayyace ni ka bugo waya ka tambaya, wai ban da hawa mumbari ranar Lahadi me limamin coci yake yi kafin Kirsimeti, ka kuma ce a majalisarku ana cewa Disamba kakar fastoci ce. Lokaci ya ƙure ban amsa ba. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, ga amsar a bainar jama'a.

A wurinmu Angilikan, haka ma 'yan Katolika, Lahadi huɗu da ke gaban 25 ga Disamba lokacin jira ne da tuba, kuma da su shekarar ikilisiya take farawa. Shunayya muke sawa. Karatun daga Annabi Ishaya ne da wa'azin Yohanna Mai Baftisma, mutumin jeji da ba ya sassauta harshe. To ka ga aikin: kasuwar Sabon Gari ta nan Zariya ta riga ta cika da shinkafa da takalman yara, teloli sun daina ɗaukar waya, ni kuwa ina tsaye ina ce wa jama'a su dakata su binciki zukatansu. Dattawanmu na Wusasa, inda cocin laka na 1929 yake tsaye har yau, sun fi son a karanta musu ayoyin nan da tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932, wadda ɗan mishan Dokta Miller ya yi aiki a kanta. Da ita suka haddace, in ka sauya kalma ɗaya sai ka ji an gyara maka daga benci.

Da asuba addu'ar safe, cikin hazo, rabin masu sujada na tari. Da yamma 'yan kwaya na gwaji, Zumuntar Mata na buga tulu a wani ɗakin, yara na rigima kan wasan kwaikwayon haihuwar Almasihu. Matsayin Yusufu, mijin Maryamu, ba ya samun masu nema. Duk yaro so yake a ba shi Sarki Hirudus saboda kambi da takobin kwali.

Amma yawancin yinina a ofis yake ƙarewa, kan benci ɗaya da masu damuwa. Disamba wata ne mai tona asirin gida. Mace ta zo ta ce maigida bai ɗinka wa yara ba, kuma ya daina dawowa da wuri saboda kunya. Magidanci ya zo da lissafi: in ya sayi kayan biki, kuɗin makarantar Janairu ya tafi. Wa da ƙane sun shekara ba sa gaisawa kan gonar gado, ga shi kowanne yana so ya karɓi Jibin Ubangiji (gurasa da ruwan inabi da muke ci tare a coci) ranar Kirsimeti, ni kuma dole in zaunar da su tukuna. Irin wannan zama ba a gaggauta shi, wani lokaci sai an kira kawunsu daga ƙauye. Ga kuma aure, don kowa so yake a ɗaura nasa lokacin da dangi suke gida, kowane kuwa sai an yi shela a coci an zauna da ango da amarya.

Batun kaka, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba zan ɓoye ba. A bikin godiya na girbi ana kawo masara da dawa da doya da kaji har gaban bagadi. Sai dai ba ɗakina suke shiga ba. Ma'aji da dattawa ne ke ƙirgawa su rubuta, wani kaso ya tafi dayosis, wato ofishin bishop, ni albashi nake karɓa. Abin da ya fi cin hankalina shi ne buhunan da ake warewa. Ni da shugabar Zumuntar Mata mukan zauna mu rubuta sunayen gwauraye da marayu da wanda aka sallama daga aiki bai gaya wa kowa ba. Ita ta fi ni sanin gidan da ba a hura wuta ba. A auna da mudu, a ƙulle a leda, a kai bayan duhu ya yi, don kada maƙwabci ya gani. Akwai limaman da suka mai da watan nan kasuwa, na sani, kai ma ka sani, kuma ba na kare su.

Daga tsakiyar wata sai gari ya fara raguwa. Ɗaliban jami'a na Samaru da Kongo su watse, 'yan kasuwa su nufi kudu, wasu Kafanchan, Zonkwa ko Jos. Kowa ya biyo a yi masa addu'ar hanya. Limami ba ya tafiya. Cocin gari na raguwa, na ƙauyukan wajen Giwa da Ikara na cika, sai in hau babur in kai wa tsofaffin da ba sa iya fita Jibi, in dawo gira da gashin baki duk sun yi fari da ƙura. Wanda ke kwance a asibitin Shika ko na Wusasa shi ma yana jira. Sai zama da jami'an tsaro kan sujadar jajibere, wadda a wasu shekarun mukan matso da ita yamma.

Naman biki kuwa, kamar yadda gidajenmu da yawa suke yi a Zariya, mahauci Musulmi muke kira ya yanka, don maƙwabta su ci ba tare da ɗar-ɗar ba. Ka bar mini kwatancen gidanka a gidan rediyon, yara za su kawo muku shinkafa da cincin ranar 25 bayan an tashi sujada. Ka dai roƙa mini uwargida ta dawo da kular, ta matata ce.

Naka,
Wani limamin coci a Zariya